Kwaikwayon tsakar gida ba na TikTok ba ne

A gidanmu na gado da ke Tudun Wada akwai wani abu da ake yi duk washegarin babbar sallah, haka muka taso muka tarar kuma haka 'ya'yanmu suka taso suka tarar. In an gama suya, an kai na maƙwabta an aika na surukai, an dawo daga isha, sai a baje tabarmi a tsakar gida, Hajiya ta fito ta zauna bakin ƙofarta da carbi a hannu, matan gida su jawo kujeru 'yan tsugunno jikinsu duk ƙaurin mai da hayaƙi, mu maza mu jingina da bangon zaure, sai a ce da yara to bismilla. Ba takarda, ba wanda ya haddace komai, ba ma wanda ya san me zai faru. Yaro ɗaya zai tashi ya zama wani, na biyu ya tashi ya tare shi, shi ke nan wasa ya kankama. Mu dai kwaikwayo muke ce masa, kuma na tabbata gidaje da yawa a Kaduna suna da irinsa ko da ba su sa masa suna ba, wasu a ɗakin tsohuwa suke nasu, wasu ma a cikin mota ana hanyar Zariya kallon hawa.

Bari in ba ku na shekaru uku da suka wuce don ku gane abin da nake nufi. Ɗan ƙanwata, lokacin bai fi shekara 13 ba, ya naɗa zanin uwarsa a ka ya kifa turmi ya hau, ya ce shi alƙali ne kuma an kawo masa ƙarar ɓatan hanta, don da gaske a ranar an nemi wani yanki na hantar ragon Hajiya an rasa. Sai 'yar wata ƙanwar tamu ta zari babbar riga a kan igiyar shanya ta zura, ta kafa hula a gefe, ta ɗauki silifa ta kara a kunne kamar waya ta shigo tana irin tafiyar babban yayanmu na Abuja. Tun kafin ta buɗe baki gida ya ɗauka. Alƙali ya ce kai Alhaji ina hanta? Ta ɗaga masa hannu ta ce ranka ya daɗe dakata ina mitin. Ya ce kotu fa kake. Ta ce hantar ai na turo tun jiya, alat bai shigo ba? to netwok ne. Yaron nan maimakon ya tsaya kan hanta sai kawai ya gyara rawani ya ce to kwanon rufin ɗakin Hajiya fa, shi ma ta waya ka turo? Ta ce shi ai yana hanya, tun damina motar ta tsaya shan mai a Jere.

Abin da ya sa wannan magana ta yi nauyi, ɗakin Hajiya yana yoyo tun daminar da ta gabata, mu biyar muka zauna muka raba kuɗin gyara, kowa ya kawo nasa ban da Yaya, kuma wata takwas ba wanda ya iya buɗe baki ya tuna masa saboda shi ne babba, shi ya riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, da wane ido za ka kalle shi ka ce ina kuɗi. Tsakar gida ta ɗan yi tsit na daƙiƙa kamar biyu, kowa ya saci kallonsa. Sai alƙali ya ce a kira Hajiya shaida, Hajiya daga bakin ƙofa ta ce ni ba zan yi shaida gaban wannan alƙalin ba, mijin da ko kuɗin cefane bai taɓa ba ni ba. Nan fa aka sake fashewa, Yaya ya yi dariya har ya cire hula yana share hawaye yana cewa ja'iran yara, ja'iran yara, za ku zo karɓar barka da sallah ku same ni. Kafin naman sallah ya ƙare bandir biyu na kwano ya iso gidan da kafinta.

Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana, ni kuwa abin da na gani da idona shi ne mai hankali da mutunci ma ta nan ya fi jin daɗin karɓarta. Da ni na tari Yaya da maganar nan a zaure, dole ya kare girmansa, ko ya yi fushi ko ya kawo uzuri, mu rabu kowa da abu a rai. Wasan yaran nan ya ba shi hanyar da zai ji maganar ba tare da an tsare shi ba, ya yi dariya tare da kowa, ya gyara, ba a sake tayar da zancen ba har yau. Kuma dalilin da ya sa bai ji kunya ba ɗaya ne tak, duk wanda ya yi dariya a wurin nasa ne, uwarsa ce da ƙannensa da 'ya'yan da ya yanka wa ragon suna, mutanen da suka san alherinsa tun kafin su san wannan ɗan sakacin nasa. Wannan shi ne ginshiƙin abin, kuma shi ne wayar hannu take rusawa a gidajenmu yanzu muna kallo.

Kafin in zo kan waya, akwai abin da yaran kansu suke samu wanda ba a cika lura da shi ba. Wasan da ba a rubuta ba yana da ƙa'idarsa, duk da ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. In abokin wasanka ya jefo magana dole ka cafe ka ɗora a kai, in ya ce kai ɓarawon akuya ne to ka zama ɓarawon akuya sai ka nemi yadda za ka kare kanka, ranar da wani ya ce a'a ni ba haka nake so ba to wasa ya mutu a nan, kuma sauran yara ba za su sake sa shi ba. Dole ka saurara da kyau don ba ka san me zai fito bakin ɗan'uwanka ba. Dole ka iya karanta fuskar manya, ka gane inda dariya ta fara komawa yaƙe ka juya akala. Ina da 'ya mai kunya ƙwarai, a makaranta malamai har ƙorafi suke ba ta ɗaga hannu, amma ranar da aka ba ta matsayin mai sayar da awara a wasan nan ta yi ciniki da kowa har da Hajiya, ta ƙi ba da bashi, ta ƙirga canji, na zauna ina kallonta kamar ba ni na haife ta ba. Yaran da suke iya kwaikwayon tafiyar mutum da tarinsa da yadda yake gyara hula, yara ne masu lura da mutane, kuma ba ka lura da wanda ba ka zauna da shi ba.

Abin nan ba mu muka ƙirƙiro shi ba, tsohon abu ne a ƙasar Hausa. A gidajen sarauta akwai wasan gauta, inda matan cikin gida suke shiga irin ta sarki da hakimai da fadawa su kwaikwayi yadda kowa yake yi, sarki yana kallo yana ganin kansa da mutanensa. A karkara akwai kalankuwa bayan an kawar da amfanin gona, samari su naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu da likitansu su yi ta shari'a ana dariya. Ga 'yan kama masu shiga kamar malamai suna wa'azin tuwo da miya, ga 'yan gambara, ga wawan sarki wanda shi kaɗai yake iya faɗin abin da waziri ma ba zai iya ba. Sannan ga wasannin dangantaka da muke rayuwa da su kullum, jika da kaka, taubasai da kuɗin sharar da suke bin juna a watan cika-ciki, ƙanin miji da matar wa, Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarabawa. Mutanen da suka tsara wa kansu wa zai iya tsokanar wa, da yaushe, da iyakar inda za a tsaya, ba mutanen da suka ɗauki dariya abin banza ba ne.

Mu 'yan Kaduna kuma muna da rabo na musamman a nan. Garin nan Turawa suka kafa shi suka maido hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917, don haka kusan kowa in ka bi kakansa daga wani wuri ya zo, aikin gwamnati ko soja ko jirgin ƙasa ko masaƙun Kakuri suka kawo shi. A gidanmu kaɗai akwai suruka Bakanuwa, akwai Babarbariya, akwai Banufiya, ranar sallah in suka haɗu a madafa tsokana ba ta yankewa daga safe har dare, kuma da ita suka saba da juna. A garin nan aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa a 1962 zamanin Sardauna, daga nan kuma aka san su marigayi Usman Baba Pategi, Samanja mazan fama, Banufe tsohon soja da ya sa Arewa duka dariya da Hausar bariki, Allah ya yi masa rasuwa a 2023, da marigayi Ƙasimu Yero na Karambana da ya rasu a 2017. Galibin wasannin talabijin na wancan zamanin ba a rubuta musu magana kalma bayan kalma, a tsara yadda labari zai tafi ne kowa ya shiga ya zuba nasa, shi ya sa maganarsu take fita kamar ta mutanen layinku. Muna yara in aka gama nuna wasan a gidan maƙwabcin da yake da talabijin, a hanyar komawa gida muke sake yinsa, wani ya zama Samanja saura su zama kurata. Ashe abin da suke yi a gaban kyamara ɗan'uwan abin da ake yi a tsakar gidanmu ne, bambancin su manya ne da suka zaɓi sana'ar suka yarda duniya ta kalle su.

To ga abin da ya faru bara, wanda shi ya sa ni wannan rubutun. Muna da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta haura saba'in, tana zaune a Rigasa tana riƙon jikoki marayu uku. Duk gidan ba wanda ya kai ta iya wasa, in ta kwaikwayi mai tallan fura ko dillaliya sai cikinka ya yi ciwo. Kowa ya san halinta, in ta zo sallah da ledarta take zuwa, duk abin da aka ba ta sai ta raba biyu ta ƙulle rabi ta ce na yarana, kuma ba wanda bai san dalili ba. A daren nan yara suka kwaikwaye ta da ledar, ita kuma maimakon ta zauna sai ta miƙe ta ce ba ku iya ba, ku ba ni wuri in nuna muku, ta ɗauki leda ta bi kwanuka tana tsince nama tana waige-waige tana cusawa a haɓar zani tana 'yar rawa, wallahi har Hajiya sai da ta ajiye carbi don dariya. Ashe wani ɗan yayana da yake jami'a yana gefe yana ɗauka a waya. Ba da mugunta ya yi ba, wannan na tabbata, daɗi ya ji ya sa a sitatus. Daga sitatus wani abokinsa ya kwafa, kafin kwana uku ga shi a TikTok a shafin wanda ba mu taɓa sani ba, an yanke farkon an yanke ƙarshen, an bar tsohuwa tana cusa nama a zani, an rubuta a sama wai kakar wani ta ga banza.

Na karanta kwament ɗin da ke ƙasa kuma da ma ban karanta ba. Yaran da ba su kai jikokinta ba suna kiranta mayunwaciya, wasu suna zagin 'ya'yanta wai sun bar ta da yunwa, wasu suna sa alamar dariya kawai su wuce. Ba ɗaya a cikinsu da ya san wasa take yi, ba wanda ya san marayun, ba wanda ya san matar nan ita ta yi jinyar mahaifinmu wata huɗu a asibiti tana kwana a kan tabarma. Maganar ta koma mata ta bakin matan islamiyyarsu, wata ta nuna mata a waya tana cewa Hajiya ashe kin zama 'yar fim. Yaron ya goge nasa ya je har gida ya durƙusa ya ba da haƙuri ta ce ta yafe, amma magana zarar bunu ce, bidiyon yana hannun mutanen da ba mu da yadda za mu yi da su. Da ƙaramar sallah Goggo ba ta zo ba, ta aiko cewa ƙafa ke damunta. Na je gaishe ta na ce Goggo gida fa ba daɗi da ba kya nan, ta daɗe ba ta ce komai ba sannan ta ce ɗan nan, ni don jikokina su yi dariya na tashi, ashe duniya na tara wa kaina.

Abu ɗaya ne, motsi ɗaya, leda ɗaya, amma a tsakar gida ƙauna ce a intanet kuma tozarci. Abin da ya canja masu kallo ne kawai. Shi ya sa nake ganin kuskure ne babba yadda muka ɗauka duk abin da ya ba mu dariya to haƙƙinmu ne mu ɗora. Wanda ya saki jiki ya yi wasa a gaban danginsa amana ya ba su, ya ajiye girmansa na ɗan lokaci don ya san za a mayar masa da shi cikakke in an naɗe tabarma. Kai da ka ɗauka ka watsa ka ci wannan amanar ko da ba ka yi niyya ba. Kuma ɓarnar ba ta tsaya kan wanda aka ɗauka ba, tun daga ranar duk wani babba a gidanmu in ya ga an ɗaga waya sai ya gyara zama ya ɗaure fuska, matan gida su ja mayafi, yaran ma wasansu ya canja, sun daina kallon juna suna kallon waya, suna maimaita irin abin da suka gani ana yayi maimakon su kwaikwayi abin da ke gabansu.

Na san abin da za a ce, don a gurup ɗin gidanmu ma an faɗa min. Wai ai tarihi ake ajiyewa, wata rana in tsofaffin nan ba sa nan bidiyon za a kalla, ga kuma 'yan'uwa da suke Legas ko Saudiyya ko Ingila suna son su ga gida. Wannan gaskiya ce kuma ni ma ina da muryar mahaifinmu a waya da ba zan sayar da ita ko nawa ba. Amma ajiye tarihi daban, watsawa daban. A ɗauki hoton gaisuwa, a ɗauki addu'ar Hajiya, a kira na nesa a bidiyo a gaisa, duk ba laifi. In ma wasan ake so a ɗauka to a tambaya tukuna, mutum ɗaya ya ɗauka da sanin kowa, kuma duk wanda ya ce a goge a goge ba musu. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da ya shiga gurup mai mutum arba'in ya riga ya fita. Wasu kuma suna cewa ai yanzu barkwanci sana'a ce, matasa suna samun na kansu da shi. Ina murna da wannan, akwai yara masu basira a garin nan da suke haɗa 'yan wasanninsu suna ɗorawa kuma ina kallo ina jin daɗi, Allah ya ƙara buɗi. Amma mai sana'a da abokan sana'arsa yake yi, waɗanda suka san za a ɗora suka amince. Kakarka ba ta shiga sana'ar nan da kai ba.

Akwai kuma masu ganin a daina kwaikwayon gaba ɗaya, wai raini yake jawowa kuma addini ya hana izgili. Ban raina wannan magana ba, aya ta 11 a Suratul Hujurat ƙarara ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da munanan laƙabi. Amma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san bambancin wasa da izgili, ya san shi a jikinsa. A gidanmu akwai abubuwan da ba a taɓawa kuma yaro tun yana ƙarami yake sanin su, ba a kwaikwayon nakasa ko in'ina, ba a taɓa wadda ba ta haihu ba ko wadda aurenta ya mutu, ba a taɓa talaucin mutum, ɗa ba ya kwaikwayon uwarsa ko ubansa, sai dai kawu ko goggo ko kaka, kuma wanda ake kwaikwayo dole yana wurin yana gani. In yaro ya kauce Hajiya gyaran murya ɗaya za ta yi a canja zance. A nan yaro yake koyon iyaka, a gaban mutanen da za su tsawata masa da ƙauna. In ka hana shi wannan ba ka raba shi da barkwanci ba, ka tura shi ya koya a waya ne, inda wanda ya fi iya cin mutunci shi ya fi mabiya.

Irin wannan tunanin nake yi game da tashe. In azumi ya kai goma yara su fito da gemun auduga suna tsoho da gemu, wani ya rataya tarkace yana Jatau mai magani, 'yan mata suna ga Mairama ga Daudu suna nuna zaman aure, a ba su hatsi ko 'yan canji, wannan ita ce makarantar wasan kwaikwayo mafi girma da muke da ita kuma kyauta ce. A shekarun nan 'yan sanda a Kano sun sha dakatar da tashe saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da suke fakewa da shi, mu ma nan mun san abin da 'yan shara suka yi wa unguwanninmu, ba uban da zai so ɗansa yana yawo da dare a irin wannan hali, ni ma ba na barin nawa su wuce layinmu. Amma laifin na masu wuƙa ne, bai kamata yaro mai gemun auduga ya biya ba. Mai unguwa da 'yan sintiri da iyaye za su iya tsayawa a ce tashe daga bayan asham zuwa ƙarfe goma, kowa a layinsu, ƙananan yara kawai, manya biyu suna biye. Ba abu ne mai wuya ba, muna yin fiye da haka in za a yi gyaran taransifoma. Makarantu ma, na boko da na islamiyya, da za su riƙa ba yara fili ko sau ɗaya a zango su yi wasan da ba a rubuta musu ba, da an ga abin mamaki.

Abin da ya ƙara sa nake jin zafin abin, haɗuwar kanta ta yi tsada yanzu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mai iyali biyar sai ya yi lissafi kafin ya ce zai taso daga Abuja ko Kano, wasu shekara guda suke zuwa su tsallake guda. Kafin nan ga shekarun da hanyar Abuja ta zama abin tsoro, har jirgin ƙasan da aka koma wa aka kai wa hari a watan Maris na 2022, ga sallar 2020 da korona ta kulle mu kowa a gidansa. Cikin garin ma mun warwatse, wani yana Rigasa wani Mando wani Millennium City wani Hayin Banki, kowa ya gina nasa ya ja katanga ya sa get, 'ya'yan wa da ƙani sai su yi wata shida ba su haɗu ba. To in Allah ya sa an haɗu, an kashe kuɗin mota an sha rana, sai kuma a zauna a tabarma ɗaya kowa ya sunkuya kan waya, ko kuma a mayar da daren wurin ɗaukar abin ɗorawa? Da ƙaramar sallar nan na ga yara bakwai a ɗakin Hajiya, ɗakin shiru kamar ana jarrabawa, ita kuma tana zaune tana kallonsu tana jiran wanda zai tsokane ta.

Ban ce a kwace wayar kowa kwana uku ba, awa biyu nake roƙo, daga isha zuwa lokacin da tsofaffi za su kwanta. Kuma manya su fara, don ba yadda za ka ce da yaro ya ajiye kai kana duba naka. Matasan gida masu jami'a, ku da kuka fi mu sanin yadda abin nan yake yaɗuwa, ku ya kamata ku zama masu tsaron ƙofa, in kun ga wani ya ɗaga waya ku ce ajiye, wannan namu ne.

Na kai wa Hajiya maganar satin da ya wuce, don a gidan nan in ba ita ta faɗa ba ba ta zama doka. Ta saurare ni har na gama sannan ta ce a nemo mata babban faifai, ranar za ta ajiye shi a bakin ƙofarta, duk mai son zama a tabarma ya ɗora wayarsa a kai, har Yayanku in ji ta. Ɗan yayan nawa da ya ɗauki bidiyon shi ya ce a bar masa aikin karɓar wayoyin. Goggo kuma na ce mata ranar ni zan zo Rigasa da kaina in ɗauke ta da yaran, ba sai ta nemi keke ba. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, ta dai tambaye ni ko rago nawa za a yanka bana.